Nilu Ba Shuɗi Ba Ne

Ranar da na baje zanena a Umdurman,
Ustazu Dafalla ya shigo da sandarsa,
rawani a karkace, warin taba a gemu.
Bai gai da kowa ba.
Ya tsaya gaban allon da ya ci mini wata huɗu,
ya ce, "Yaro, wa ya ce maka Nilu shuɗi ne?
Masu dala?"

Laraba ta zo, jarida ta fito.
Layi goma sha ɗaya ya ba ni, kowanne da ƙaya:
wai hannuna ɗan Mai Wurno ne,
idona kuwa haya na ɗauko.
Mai gyaɗar bakin titi ta ƙunsa mini ta sule a shafin,
na karanta zagina da maiƙo a kansa.

Na tsine masa har Isha.
Da asuba na sauka Tuti don in ƙaryata shi,
na tsuguna inda masu tubali ke ɗibar laka.
Ruwan ja ne, kamar shayin da aka yi wa rowar madara,
yana jan kara, da warin takalmi, da mushen akuya.
Shekara talatin ina sha, ban taɓa dubawa ba.

Kada ku ce waliyyi ne.
Harshen nan shi ya karya Ihsan,
mai zana inuwa har ka ji sanyinta;
kalma uku ya jefa mata, ta naɗe buroshinta,
yau rasit take rubutawa a kantin magani a Bahri.
Gatari ba ya tambayar reshe ko yana da fure.
Ko ya kwana da abin? Oho.
Bai taɓa neman gafara ba.

Bara muka kai shi makwanci.
Yanzu kowane baje koli sai "madalla",
a sha zoɓo, a ɗau hoto, a watse.
Ba mai kushewa,
ba kuma mai dubawa.

Ni dai in ina kwaɓa launi da dare,
hannuna ya miƙa wajen shuɗi,
sai in ji sandar nan tana ƙwanƙwasa daɓe a bayana.
In tsaya.
In ja tsaki.
In ƙara jar ƙasa.