Rigar Madugu

Tanimu ya faɗo shagona da la'asar sakaliya,
riga a baƙar leda, irin ta 'yan tireda.
Ya ce, Baba Barau, bana ni ne madugu,
Asabar ta sama za mu taka a filin makaranta.

Na baje ta kan tebur.
Akoko ne fari fat, ko linzami babu,
ɗinkin keke miƙe sambal kamar titin Samaru.
Na ce, yaro, wa zai bi ka Gwanja a cikin wannan?
Ko jaki ba zai saurare ka ba.

Daren farko na farke kalmasa,
na ture keke gefe, na ɗauki allura.
Hannu ya manta, sai da ya tuna a hankali,
yatsa ya sha suka uku kafin ya yarda.
Can ƙasan adakar Iya Kulu akwai tsohon saƙi,
asu ya ci rabi, ya bar mini rabi,
da shi na yi mata shafi.

Daga nan zuciya ta ɗebe ni.
Na zana aska takwas a ƙirji
da zaren tsamiyar da nake ɓoyo tun ina saurayi,
kwana huɗu a sunkuye har wuya ya ƙage.

Malam Dangana mai goro ya leƙo,
ya jima yana tauna kafin ya tanka:
Kakana bafatake ne, Barau.
Mai kwana a zango,
mai ɗaure mangala tun kafin kiran assalatu,
ina ya ga aska takwas?
Wannan ta zaman zaure ce.
Tasa, zufa da kanwa ne adonta.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Ko sai da safe ban ce masa ba.
Amma da dare na tsinke shida, na bar biyu,
hujin allura ya rage a jere kamar sawun tururuwa.
Na jiƙa ta a ruwan shayi ta kwana,
na shafa jan goro a bakin aljihu,
na yi faci a kafaɗa inda igiya kan ci,
na kai ta mabuga, aka jibge ta
har ta manta a wace shekara aka haife ta.

Ran Asabar hadari ya taso ta wajen Kufena.
Lasifika na ƙara, ganuwar kwali na rawa,
yara biyu cikin bargo ɗaya, su ne jakin.
Tanimu ya iso ƙofar gari, ya ɗaga sanda,
maganar da ya haddace ta gudu ta bar shi.

Ya tsaya cak.
Iska ta shiga rigar ta hammata,
ta buɗe ta, ta nuna saƙin ciki,
filin ya yi tsit.
Wata tsohuwa a gefena ta kama haɓa,
ta ce, oho, ashe haka suke shigowa.

Dangana bai dube ni ba.
Ya ce, facin nan ya zauna inda ya kamata.

Ni kaɗai na san cewa a bayan wuya
tambarin kamfani na nan, na manta ban cire ba,
yana ta sosa ƙeyar madugu
tun daga Gwanja har Zariya.