Na Shida Yana Hanya

Kawu Mutari ya sayo su a bakin kasuwar Dole,
a tabarmar mai tsofaffin littattafai,
tsakanin ƙamus marar bango da lissafin wani yaro.
Dala ɗari-ɗari. Biyar ya samu.
Mai tabarma ya rantse na shida yana hanya daga Yamai.

Wani mutumin Japan ya rubuta,
wani ya juya shi Faransanci,
Kawu ya juye mana shi Hausa
a layin pampo, ƙarfe biyun dare,
tocila a hammata,
bido arba'in a gabanmu,
pampo sai tari yake, ba ko ɗigo.

Wata yarinya ce direbar jirgi,
tana janyo dutsen ƙanƙara daga bayan taurari
zuwa garin da rijiyoyinsa suka ƙafe.
Wata uku a wurinta,
a gida shekara goma sha ɗaya.
Babu wanda ya ce Kawu ƙarya ne.
Mu 'yan Damagaram ne,
mun san ruwa yana da nisa.

Ni dai na ba ta fuskar yayata Habsu,
har da wushirya,
har da kantar igiyar guga a tafin hannu.

Sai aka yi shi na zane.
Ɗan maƙwabta ya aro daga ɗakin karatu,
ana buɗe shi daga dama,
Inna ta ce ashe su ma sun yi allo.
Idanun yarinyar kamar faifai,
gashi ruwan bula, hanci ɗan ɗigo.
Na rufe. Wannan ba Habsu ba ce.

Sai ya hau tele, Asabar bayan la'asar,
a shagon Ila mai gyaran rediyo a Zango,
mu goma sha tara a benci biyu.
Ta yi magana, muryar ba tata ba.
Dutsen ƙanƙara kuwa sun iya shi,
har wani yaro ya lashi leɓe.
Ranar kashi na ƙarshe aka ɗauke wuta.
Muka zauna muna kallon fuskokinmu a baƙin gilashi
har aka kira magariba.

Bara aka tura mini fim ɗin a salula,
dala ashirin, da mutane na gaske,
wani ya ɗora masa Hausa da barkwanci,
yana kiran jirgin tsohuwar akwala.
Na yi dariya, ban so ba.
A fim ta dawo, aka yi tafi,
ruwa ya sauka a kan kowa, har da miyagu.

Kawu ba haka ya ƙare shi ba.
Da na biyar ya ƙare, na shida bai zo ba,
layi ya taso shi gaba da tambaya,
sai ya kashe tocila ya ci gaba da ka.
Ya ce ta iso, ta tarar da ƙanwarta da furfura,
tana tsaye a layi da bido biyu.
Ba su rungumi juna ba.
Ƙanwar ta ce, kin daɗe.
Ta matsa mata wuri.
Nan pampo ya yi atishawa, ruwa ya zo,
kowa ya ruga, labari ya tsaya a nan.

Kawu ya rasu da azumin bana.
Biyar ɗin suna cikin kwalla, gara ta ci rabin na uku.
Habsu tana Agadas, ba ta tuna labarin ba.

Jiya wani ɗan jami'a ya turo mini na shida,
shafi ɗari uku da 'yan kai, cikin salula.
Shekara ashirin da biyu yana hanya.
Ina zaune a kan dutsen bayan Birni,
ina ganin layin bido daga nan,
yatsana a kan gilashi.
Caji ya rage kaɗan.
Bari dai sai an kawo wuta.