Tsinkakken Mai

Mahaifina Dashnyam babbar mota ya ja,
shekara talatin tsakanin Ulanbator da Altai.
In sanyi ya kai inda tofi ke daskarewa kafin ya sauka ƙasa
sai ya tashi tun da duhu,
ya hura garwashi a kwanon ƙarfe,
ya tura shi ƙarƙashin inji
kamar mai gasa wa tsohuwa ƙafa.
Man da ke ciki ya kwana ya yi kauri,
ba ya motsi sai da lallashi.
Yakan ce da ni: mai in ba shi da jiki, ruwa ne,
ƙarfe kuwa ba ya ga maciji da ruwa.

Ni tasi nake ja,
'yar ƙaramar mota da ta gama wahala a Japan
kafin ta faɗo hannuna.
Man da uba ya yarda da shi nake ɗura mata,
kullum safe tana gurnani,
kullum yamma gidan mai na cinye min gumi.

Ran nan Gombosuren bakanike ya ja ni waje.
Ya jingina gilashin taga da bango, cikin ƙanƙara,
ya ɗiga mai biyu a kai.
Nawa ya tsaya cak, kamar wanda aka biyo bashi.
Ɗayan ya sulale, siriri, ya riga mu kai ƙasa.
Ya ce: injinki ne ke tura wancan nauyin,
da fetur ɗinki yake tura shi.
Karanta abin da maƙeranta suka rubuta a murfi,
ba ni na ƙaga ba.

Na yarda, amma gabana na faɗuwa,
kamar na sayar da gonar gado.

Na sayi ɗan littafi.
Lita nawa, tafiya nawa, rana ta nawa.
Kada in yi ƙarya:
a kilomita ɗari, abin da na tsira da shi
da kyar zai cika kofin shayi.
Na yi dariya ni kaɗai a layin fitilar hanya.
Amma da yayyafi kogi kan cika,
ƙarshen wata na ƙirga,
ya sayi wa Tsetsgee safar hannu mai gashi a ciki,
har da canjin alewa.

Wani dare nakan tambayi kaina,
shin man ne, ko ƙafata ce ta yi laushi
tun da na fara lissafi?
Littafin bai ce komai ba.

Da asubar da ƙirjin tsoho ya tashi
na ruga waje, hayaƙin gawayi ya rufe unguwa,
na murɗa sau ɗaya, ta amsa.
Ba wuta, ba kwano, ba roƙo.
Muka isa asibiti shayinsa bai huce a gora ba.

Kwana tara aka sallame shi.
Kafin ya shiga mota sai ya ce a buɗe gaba.
Ya zaro sandar awo,
ya murza man tsakanin yatsu biyu,
ya shinshina, ya ɗaga shi ga haske.
Wannan ai shayi ne, in ji shi.
A hanya ya hana kowa magana,
ya karkata kunne, ido a rufe,
har muka wuce gada.
Can ya ce: ba ta tari.
Ya ƙara: amma in zafi ya zo, kika hau dutse da kaya,
ki riƙa dubawa. Tsohon inji yakan sha abin da ya tsinke.

Ina dubawa, duk Lahadi.
Wani lokaci nakan ƙara kaɗan.

Kwanon ƙarfen yana nan a bayan gida,
gindinsa baƙi ƙirin.
Bana Tsetsgee ta cika shi da ƙasa
ta shuka albasa.