Agogon Sallama

Ranar da na ajiye aiki a Gidan Waya
suka ba ni agogon bango a cikin kwali.
Shekara talatin da biyar ina tsere da lokaci,
sai da na daina bukatarsa aka miƙo mini shi, ana tafi.

Watan farko a kan tabarma na cinye shi.
Na ƙirga azarar zaure, ashirin da bakwai,
ɗaya gara ta fara ci.
Tasalla ta tsaya a kaina da tsintsiya:
"Malam, ko turmi akan gusar da shi a share gurbinsa."
Na yi fushi har azahar.
Da la'asar na gane gaskiyarta.

Likitan asibitin Murtala, sa'an autana Jazuli,
ya dubi takarda, ya dube ni:
"Baba, suga ya leƙo, hawan jini na bakin ƙofa.
A rage gishiri, a rage zama."
Na ce, ɗana, gishiri na bar maka,
amma man shanu a miyar kuka, sai mun yi ciniki.

Yanzu in an sallame asuba a Gwammaja
ba na komawa shimfiɗa.
Nakan kama hanyar Dala da sandar da ba na dogarawa.
Hawan farko sau huɗu na zauna,
gwiwa tana kai ƙarata wurin ƙugu.
Yau sau ɗaya, shi ma don in kalli gari:
hayaƙin masu ƙosai yana miƙa,
'yan adaidaita sahu na fitowa kamar kiyashi,
Kano tana mutsuka ido, ni na riga ta tashi.

Sha'aibu mai hatimi, tare muka fita.
Ya ce ba zai motsa ba sai haƙƙinsa ya fito.
Ya kafa benci a ƙofar gida,
waya a tafin hannu, shekara biyu.
Kuɗin suka shigo ranar sadakar uku.
Allah ya jiƙan Sha'aibu.
Har yau in na wuce layinsu, nakan ƙara sauri.

Ina da gona, kada ku yi dariya:
bokitin fenti goma sha ɗaya a bayan ɗaki.
Yakuwa, lalo, attaruhu, zogale biyu a tsohuwar taya.
Ba ni da abokin gaba a duniya
sai akuyar Lantana maƙwabciya,
ita ma mun kusa sulhu.

Kekena da ya raba wasiƙu daga Fagge har Gwale
na sauko da shi, na sa masa mai, ya yafe mini.
Da shi nake zuwa layin tantancewa,
inda tsofaffi ke dangwala yatsa
su shaida wa hukuma ba su mutu ba.
Ni gumin goshina ya isa shaida.

Bayan la'asar zaure ya cika.
Yaran unguwa da littattafansu,
rubutu kamar kaza ta bi ta kan toka,
ina kama hannunsu, muna miƙe wa baƙi ƙafa.
Gwaggo Uwale ta kawo saƙon banki a karanta mata.
Ni da na kai wasiƙa dubbai ban buɗe ko ɗaya ba,
yau sirrin unguwa da ƙafarsa yake zuwa,
ni kuma ambulan ne, a liƙe.

Ba kullum ne daɗi ba.
Akwai daren da baya ke hana barci,
akwai watan da fansho ke makara,
mu sha koko babu ƙosai, Tasalla na tsokanata
wai likita ne ya roƙa mana.

Agogon kuwa batirinsa ya mutu bara,
ya tsaya a huɗu da minti goma.
Jazuli ya ce zai sayo wani. Na ce bar shi.
Ladan yana nan, inuwar zogale tana nan,
cikina ma bai taɓa makara ba.
Gobe, in an tashe ni cikin masu tashi,
zan gwada Dala ba zama.