Kafin Ƙafa Ta Taɓa

A filin bayan Birni, inda duwatsu ke kwance
kamar giwayen da suka gaji da tafiya,
na tsaya tsakanin sanduna biyu
shekara goma sha ɗaya.
Ba raga, sai igiyar guga a sama.

Ranar da muka kara da ƴan Garin Malam,
la'asar sakaliya, alƙali ya busa,
daga ni sai Barmu Bahago.
Ya aje ƙwallo, ya ja baya taku bakwai.
Bai dube ni ba, ban dubi ƙafarsa ba.
Wani abu dai ya sauka a ƙirjina,
sanyi, irin na ruwan randa da asuba,
sai na sani.
Hagu, ƙasa-ƙasa.
Na riga ƙwallon isa,
na tarbe ta kamar baƙuwar da ta aiko tana tafe.

Da aka tashi suka yi mini caa:
"Kafaɗarsa ka gani? Ko idonsa ya tona shi?"
Na ce kafaɗa, don a bar ni in sha ruwa.
Ban ga komai ba.

Gwiwa ta ƙi, yanzu faci nake
a gefen Kasuwar Dole, gindin dogon yaro.
Ɗan kabu-kabu na turo babur daga nesa,
tun bai iso ba yatsana ya san inda ƙusar take.
Ina tsoma robar a ruwa ne don ya ga kumfa,
kada ya ce boka ya yi masa aiki.

Habsu ba ta taɓa auna gishiri ba.
Tana tsakar hira za ta zabura, "Tuwo zai kama,"
alhali tukunyar na can bayan katanga.
Daren da famfo zai tuna da mu bayan kwana tara,
ita ke tashi ƙarfe biyu ta jera jarkoki
tun bututun bai fara tari ba.
Na ce, "Wa ke faɗa miki?"
Ta ce, "Kai wa ya faɗa maka hagu?"

Akwai wadda ba na bai wa yara labarinta.
A Mirya ne, ranar kasuwa.
Sanyin nan ya sauka, shi ɗin dai, ba ragi,
na yi tsalle dama da dukan imanina,
ƙwallo ta bi ta tsakiya a hankali
kamar tsohuwa za ta gidan suna.
Na tashi da yashi a haƙora.
Abin da ke damuna har yau,
ɗanɗanonsu ɗaya, ranar da na kama da ranar da na sha ƙasa.

Safiyar da ƙanena Tanimun ya hau babbar mota
zuwa Agadas, daga can sai arewa,
ƙirjina bai ce uffan ba.
Gyaɗa nake ɓarewa.
Na ce ya sayo mini safar hannu ta gola,
ban ko miƙe na raka shi tasha ba.
Damina takwas ke nan.
In akwai mai raɗa wa mutum abin da ke tafe,
ina ya shiga a ranar?

Jiya ɗana Laminu ya dawo da gwiwa a kuje,
shi ma sanduna biyu suka kira shi.
Ya tsuguna gefen kaskon facina,
"Baba, ta yaya ake sani?"
Na daɗe ina shafa gam a roba.
Na ce, "Dubi kafaɗa."

Da dare ya maimaita wa uwarsa.
Daga bayan katanga na ji dariyar Habsu,
tana sauke tukunya.