Kwalin Sahabi

Bayan la'asar, a Ƙofar Marusa,
a rumfar Tasi'u mai gyaran waya,
mu huɗu ne, kuma ba siyasa ke tara mu ba,
ba ƙwallo ba, ba cinikin fili.

Mutum-mutumi ne na roba da ƙarfe,
wanda in ka murɗa kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwa,
ka cusa kai cikin ƙirji,
sai ga tirela kan tebur tana ƙyalƙyali.

Kakata ta sha ba mu labarin masu rikiɗa kura.
Ranar da nawa ya zama jirgi a gabanta
ta janye ƙafa, ta laluba carbi,
ta ce, "Gemu dai ya iso, saura hankali."

Sahabi ke fara magana kullum:
"Wanda ya ɓare leda ya zubar da rabin kuɗinsa.
Nawa shekara tara yana kan sif,
salataf ɗin kamfani bai ɗaga ba,
kusurwa huɗu, ba wadda ta lotsa.
Ku kun sayi abin wasa.
Ni na sayi kwali."

Tasi'u bai ɗago daga dalmarsa ba:
"Ka sayi rediyo ka hana ta magana.
Ni sai gaɓa ta ce ƙas! a kunnena
nake yarda ba jabu aka miƙo mini ba.
Ido ana ruɗinsa da fenti,
yatsa ke sanin na asali."

Gambo ba ruwansa da su duka.
In an kwance dilar gwanjo yana tsugune a gefe,
yana tonon takalma da jakunkunan makaranta
har ya ci karo da mai hannu ɗaya.
Hannun wannan, tayar wancan,
ja a sama, shuɗi a ƙasa.
Ya ce, "Ɗari biyar. Ku faɗi naku in ji dalili."

Ni nawa ta waya na yi oda.
Kwana goma sha ɗaya ina zarya tasha,
ya iso ƙarƙashin jarkar manja,
hoton gaba ya rine ja wur.
Direba ya ce, "Na ciki lafiya lau ne."
Ban tanka ba. Da shi da Sahabi
wa zai zama alƙali?

Sai damina ta yi nisa.
Wata Laraba Sahabi ya shigo ba sallama,
da ƙunshi a tsohon rawani.
Gara ta bi bayan sif, ta yi ginin ta a natse,
ta ci bango, ta ci hatimi,
ta ci takardar da ke nuna yadda ake juyawa.
Gaba kawai ta bari, kamar don misali.

Ba wanda ya yi dariya. Ko Gambo.
Tasi'u ya miƙa masa reza.

Ya yanke igiyoyin da suka ɗaure shi shekara tara,
hannu na rawa, ya ɗaga kafaɗa,
ya juya ƙugu, ya tura, ya ja,
abu ya tsaya a tsakiya:
ƙafa ɗaya taya, kai a hammata,
ba mota ba, ba mutum ba.
Muka ba da shawara uku, duk ta ƙara dagula hali.

Ɗiyarsa Nafi ta zo karɓar makullin gida,
'yar aji biyu, da alli a goshi.
Ta ce, "Baba, kawo."
Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas.
Motar kashe gobara ta bi ta kan benci,
ta ratsa tsakanin matattun wayoyi,
Nafi na yi mata jiniya da baki
har ta faɗa cikin kwanon ƙuli-ƙuli.

Sahabi ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Ashe tsanin ma yana miƙewa."

Yanzu motar na hannun Nafi, madubi ɗaya ya ɓalle.
Amma na je gidan ranar Juma'a,
na ɗaga kai:
kan sif, cikin sabuwar leda, an ɗaure da kyau,
abin da gara ta rage na kwali.