Ƙofofin da Ba Za a Ƙwanƙwasa Ba

Ƙarfe huɗun asuba a Tartu,
ƙanƙara ta ɗinke bakin kogi.
Helju na ƙasan ɗakin karatu, shayinta ya huce,
na'ura sai nishi take.

Mai ƙidayar fayil ya fita tun tsakar dare,
bai dawo ba.
Ya bi waya har Tallinn, rumbun wasu,
yana ƙirga hatsin da ba nasa ba.

Ta buɗe jerin hani.
Rumbun nesa: kar ka je, hanya ta fi kayan nauyi.
Ɗakin da kwamfuta ke duba fuskarta,
inda ake haifar suna ya mutu kafin ƙiftawa:
wuce, ba a ƙirga kumfa.
Ma'ajin wucin gadi zane ne a kan ruwa.
Faifan aljihu baƙo ne, gobe ya tafi.

Saura ɗaya.
Tsohon faifan Arvo, da aka binne da kaka,
sunayen shekara goma sha tara,
har da hoton karensa.
Ba mai nema. Minti arba'in yake ci kowane dare.

Ta rubuta sunansa a layin.
Ta dube shi.
Ta goge.

Bari ya ci arba'in ɗin.